Gano matsalar lantarkin moton tsohon garmaho

Garmaho, wato na'urar da ke juya faifai allura tana bin tsaginsa sauti na fitowa, duk aikinsa a kan abu ɗaya ya rataya: farantin da ake ɗora faifan a kai ya riƙa juyawa da gudu daidai, ba ƙari ba ragi. Babban faifan LP da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 zagaye 33⅓ yake so a minti, ƙaramin da RCA Victor ya kawo a 1949 kuma 45, tsofaffin da suka riga su 78. Mai riƙe wannan gudun shi ne moto da 'yan kayan lantarkin da ke ba shi wuta suna sa masa ido, kuma in garmaho ya kwana biyu, irin wanda ya shekara 40 ko 50, a nan ciwon yakan fara. Gyaran yana da tsari, ana farowa ne daga abin da ya fi saurin lalacewa ya fi sauƙin samu, a bar ai-si (IC), wato ɗan ƙwayar nan mai ƙafafu da yawa da aka tattara kayan lantarki a cikinsa, sai ƙarshe.

Ire-iren moto

Dole ka fara sanin wane iri ne a gabanka don ba ciwonsu ɗaya ba. Akwai mai 'yar tayar roba da ke shiga tsakanin moto da faranti, irin su Garrard 301 da Lenco L75. Akwai mai bel, irin su Thorens TD 150 da Linn Sondek LP12. Sai na uku wanda ba bel ba taya, farantin a kan moton yake zaune kai tsaye, kamfanin Matsushita na Japan ne ya fito da shi a Technics SP-10, daga baya SL-1200 ta biyo a 1972, sannan SL-1200MK2 a 1979 mai ɗaure gudunta da kiristal na kwatz. Masu tayar roba da yawancin tsofaffin masu bel moton AC gare su, wato mai aiki da wutar gida, lantarkin cikinsu bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga cikin masu bel na baya-baya da duk na kai tsaye kuwa fanel ne guda a ciki, wato allon da aka jera kayan lantarki a kai, yana lura da gudu.

Awon gudu

Kunne yana ruɗi, a auna tukuna. Hanya mafi sauƙi ka liƙa ɗan tef a bakin faranti ka riƙe agogo, a 33⅓ zagaye 100 cif zai yi a minti 3, wato kowane zagaye daƙiƙa 1.8. Ɗigo-ɗigon nan na gefen faranti ma don haka aka yi su, 'yar fitilar niyon tana ƙiftawa sau biyu a kowane bugun wutar gida, in gudu ya yi daidai sai ka ga ɗigon sun tsaya cak kamar ba sa motsi. Layin 33⅓ ɗigo 180 ne ga wuta mai 50 Hz, wato mai bugu 50 a daƙiƙa, 216 ga mai 60 Hz, shi ya sa za ka ga layuka da yawa. Amma fa a lura, in fitilar daga wutar gida take ɗaukar ƙiftawarta, bugun wutar kuma ya ɗan kauce, a garmahon da motonsa ba ya bin bugun wutar gida ɗigon za su riƙa tafiya alhali moton lafiyarsa lau, mutum ya zauna yana ta murɗa abin da bai lalace ba.

Daga nan a duba abin da ba lantarki ba. Bel ya saki, tayar roba ta bushe ta yi ƙyalli, giris ya daskare ya koma kamar ƙaro, man da ke ramin sandar faranti ya ƙafe. Cire bel ka murza farantin da hannu, ya kamata ya daɗe yana yawo shiru kafin ya tsaya. In ya tsaya nan take to ba laifin fanel ba ne.

Moton AC

Wannan bugun wutar gida yake bi sau da ƙafa. Mai fol 24, wato kawunan maganaɗisu 24, zagaye 250 yake yi a minti a 50 Hz, 300 a 60 Hz, don haka garmahon da aka ƙera wa Amurka in aka kai shi ƙasa mai 50 Hz zai dawo wajen 27.8 maimakon 33⅓, murya ta yi kauri ta ja jiki, na Turai kuma in ya je Amurka ya haura zuwa 40. Taransifoma ba ta maganin wannan, ƙarfin wuta kawai take canzawa ba bugunta ba, sai dai a sake fuli, wato ɗan kan sandar moto da ke jan bel, ko a samo masa na'urar da ke haɗa bugun da yake so.

Yawancin irin wannan moton koyil biyu gare shi, wato naɗin waya biyu, da 'yar kafasita mai ajiye caji da ke sa wutar ɗaya ta ɗan riga ta ɗayan, wannan ratar ce ke nuna masa inda zai nufa. In ta gaji sai ka ji yana gurnani yana karkarwa a hannu bai tashi ba sai an tura shi, wani lokacin ma ya juya da baya. A canza ta da mai lamba iri ɗaya, marar kai da gindi, wato wadda ba ta da ɓangaren + da −, wadda aka yi don wutar AC. Akwai wata kuma a kan makunni mai hana tartsatsi, in ka ga jikinta ya tsattsage ka cire ta tun kafin ta yi hayaƙi. Duk wannan sai an zare filogi daga bango, wutar gida ce tsirara a wurin.

Moton DC da na kai tsaye

Nan ne aikin yake da daɗi, gaskiya, don na'urar tana sauraron kanta ne. Akwai wani ɗan janareta a jikin moto da ke fitar da bugu gwargwadon gudu, fanel ya kwatanta shi da ma'aunin da aka saita, in gudu ya ragu ya ƙara wuta, in ya yi yawa ya janye. Wanda ya gane wannan kewayen, alamar ciwo kaɗai za ta nuna masa inda zai duba. Faranti ya ɗebi gudu kamar zai tashi sama, bai san 33 ba bai san 45 ba? Kusan kullum bugun janaretan ne ya daina isa fanel, ko waya ta tsinke ko dalma ta tsage, shi kuwa fanel yana ɗauka moton a tsaye yake sai ya yi ta ƙara wuta. In kuma farantin yana fizga, ko akwai gurbin da in ya tsaya a nan ba ya tashi sai ka taɓa shi da yatsa, to ɓangare ɗaya na koyil ba ya samun wuta, a nemi taransiston da ke tura shi ko na'urar Hall da ke gaya wa fanel inda maganaɗisu yake.

Amma ciwon da ya fi yawa shi ne gudu ya riƙa yawo, yanzu daidai anjima ya kauce, sautin da aka ja dogo ka ji yana lilo. Mafi yawan lokuta datti ne da tsatsa a cikin maɓallin daidaita gudu da makunnin zaɓar 33 ko 45 da ƙananan rasistocin saiti da ke kan fanel. Fesa maganin wanke makunni ka murza su gaba da baya sau da yawa, amma ka sa wa na kan fanel alama tukuna don ka san inda suke da.

In bai warke ba sai a koma inda wuta ke shigowa. Sa mita a bayan mai daidaita wutar ka gwada da lambar da littafin gyara ya bayar, sannan ka mayar da mitar kan AC a wuri ɗaya, in tana nuna wani abu mai yawa to babbar kafasita ta bushe ba ta tace wutar. Kafasitocin nan masu ruwa a ciki shekaru ne ke cinye su ko ana amfani ko ba a yi, wata ta kumbura a ka, wata ta zubo a gindi ta ci ƙafarta ta zama kore, wata kuma a ido ba ka ganin komai sai an auna. Sabuwa ta zama lamba ɗaya, juriyar wuta daidai ko sama, a kula da kai da gindi, kuma a sauke cajin tsohuwar kafin hannu ya kai. Matsalar da ke zuwa sai na'ura ta ɗau zafi kuwa, ka riƙa ƙwanƙwasa fanel a hankali da bayan biro kana kallon ɗigon, inda suka zabura nan dalma ta tsage, zobe ne siriri kamar gashi kewaye da ƙafar abin, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa.

Gargaɗi ɗaya game da irin su SL-1200MK2, maganaɗisun moton a jikin farantin yake, kar a tayar da ita ba faranti, ana iya ƙona ɓangaren da ke tura koyil.

Ai-si shi ne na ƙarshe da za a zarga, kuma ni a ganina gaggawar cire shi ita ce ɓarnar da ta fi ciwo a wannan aikin. Irin su AN6675 da AN6680 da ke cikin Technics an daɗe da daina yin su, sau da yawa sai dai a ciro daga wani garmahon da ya mutu, sannan layukan tagullar tsohon fanel ba sa jure zafin ƙarfen dalma sau biyu sau uku, ɗagowa suke. Sai an tabbatar wutar da ke shiga ƙafafunsa daidai take, kiristal na bugawa, bugun janareta na isowa, amma shi shiru ba ya fitar da komai, sannan a kai masa ƙarfe.