Ziji

Ziji littafi ne na jadawalin lissafi da masana falaki suka riƙa amfani da shi wajen gano inda rana da wata da taurari biyar masu yawo za su kasance a kowace rana da sa'a. An yi yayinsa daga ƙarni na 8 zuwa na 18, kuma masu bincike sun ƙirga sama da 200, galibi da Larabci da Farisanci. Yawancinsu kan fara da jadawalin juya kalanda, sai matsakaiciyar tafiyar kowane tauraro da gyaran da ake ƙarawa ko ragewa a kanta, sai lissafin husufi da tsayuwar wata, da jerin garuruwa. Da haruffan abajada ake rubuta lambobin, irin waɗanda malamanmu ke yin ramzi da su a ƙarshen waƙa, bisa tsarin sittin-sittin.

Asali

Tushensa uku ne: jadawalin Baɗlamiyus na Iskandariyya (ƙarni na 2), da na Farisawan Sasaniya, da lissafin Indiya da ya iso Bagadaza a zamanin Halifa Mansur, wajajen shekarun 770. A kan na Indiyan ne Al-Khwarizmi ya gina zijinsa na Sindhind. A ƙarƙashin Halifa Ma'amun, wajen 830, masana suka fito da kayan awo a Bagadaza da Dimashƙa suka jarraba alƙaluman Baɗlamiyus da idanunsu. Dalili kuwa shi ne kuskure ɗan ƙarami a tafiyar rana yakan taru shekara bayan shekara, har ranar da husufi zai saɓa wa abin da littafi ya faɗa. Wannan ne ya sa kowane zamani ya nemi sabon ziji. Al-Battani ya shafe shekaru wajen 40 yana awo a Raƙƙa, Ibn Yunus (ya rasu 1009) ya yi nasa a Alƙahira.

Andalus da Turai

An haɗa jadawalin Toledo, wani birni a Andalus, wajen 1080, da hannun Az-Zarƙali a ciki, daga baya aka fassara shi zuwa Latin. A shekarun 1270 wasu masana Yahudawa biyu, Ishaƙu ibn Sid da Yahuda ben Moshe, suka shirya wani don Sarki Alfonso na 10 na Kastila. Sigar da aka sake wa fasali a Paris a shekarun 1320 ita ce ta game jami'o'in Turai, aka buga ta a Venis a 1483. Ko nawa ne na masanan Alfonso a cikinta, ko nawa ne na Paris, har yau masana ba su daidaita ba.

Maraga da Samarkand

Nasiruddin Tusi ya kafa cibiyar duban taurari a Maraga, a ƙasar Iran ta yau, a 1259 da kuɗin Hulaku, sarkin Mongol, aka kammala Zij-i Ilkhani wajen 1271. Amma aikin da ya fi cancantar yabo shi ne na Ulugh Beg, jikan Timur, sarkin da ya zauna da malamai yana lissafi da kansa. A shekarun 1420 ya gina cibiyarsa a kan wani tudu a Samarkand, da ma'auni mai siffar baka wanda nisan tsakiyarsa zuwa gefensa ya kai mita 40, an haƙa wani ɓangarensa cikin ƙasa, an shimfiɗa masa marmara mai zanen darajoji, wato rabe-raben da'ira. Girman nan ne ya ba su damar raba daraja guda gida-gida ba tare da ƙiyasi ba. Jamshid al-Kashi da Ƙadi Zada ar-Rumi sun rasu aikin bai ƙare ba, Ali Ƙushji ya ci gaba. Zij-i Sultani ya fito wajen 1437 da taurari 1,018, mafi yawansu an sake auna su sabo, ba kwafa aka yi daga magabata ba. An kashe Ulugh Beg a 1449, cibiyar ta rushe ta ɓace, sai a 1908 aka tono ragowarta.

Bayan Kofanikus

Erasmus Reinhold ya fitar da jadawali a kan tsarin Kofanikus, mai cewa duniya ce ke zagaya rana, a 1551, bai fi na Alfonso daidaito sosai ba. Canji na gaskiya ya zo da jadawalin Rudolf da Kepler ya buga a Ulm a 1627, bisa awon Tycho Brahe. Da shi aka yi hasashen giftawar tauraron Uɗaridu (Mercury) ta gaban rana, Pierre Gassendi kuwa ya gan ta a Paris ranar 7 ga Nuwamba 1631. A Indiya, Jai Singh na Jaipur ya sa an shirya Zij-i Muhammad Shahi wajen shekarun 1730, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe.

A yau

Kwamfuta ce ke yin wannan lissafi. Masana kan koma ga husufin da Ibn Yunus ya rubuta don auna raguwar saurin juyawar duniya.