Tsarin Jati a Indiya: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tambayoyin nan a kan jati, wato rukunin da mutum ke gada daga gidan da aka haife shi a Indiya, an yi mini su har na gaji. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

An soke tsarin ko ba a soke ba?

Tsarin mulkin Indiya na 1950, a sashe na 17, ya haramta ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa. Jati kanta tana nan. Gwamnati ma takardar shaidarta take bayarwa.

Ba azuzuwa huɗu ba ne?

A littafi ke nan: Brahmin, Kshatriya, Vaishya da Shudra, sai Dalit, waɗanda ake ƙyamar taɓawa, da aka bari a waje. A rayuwa jati dubbai ne, kuma da su ake aure da zaɓe.

Dalit ɗin suna da yawa?

Kashi 16.6 cikin ɗari a ƙidayar 2011. Mutum kusan miliyan 200.

Ai Dalit ya yi shugaban ƙasa, to me ya rage?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Ƙwarai, K.R. Narayanan ya hau kujerar a 1997, Ram Nath Kovind a 2017, Mayawati kuma sau huɗu tana mulkin jihar Uttar Pradesh. Amma wa ke shiga ramin bahaya ya kwashe da hannu? An hana aikin da doka a 1993, aka sake hanawa a 2013, kuma har yau mutane na mutuwa a magudanar ƙazanta, galibinsu Dalit. Auren da ke tsallake jati bai wuce kamar biyar cikin ɗari ba. Ku daina ɗaukar mutum ɗaya da ke fada ku rufe bakin miliyoyi da shi.

To ba abin da ya canza?

Ya canza sosai, kada ka karaya. A birni ana shiga jirgin ƙasa ɗaya, ana cin abinci a shago ɗaya. An ware wa Dalit kashi 15 na guraben aikin gwamnatin tarayya da manyan makarantunta, ƙabilun Adivasi kashi 7.5. A 1990 gwamnatin V.P. Singh ta ƙara kashi 27 na guraben aiki ga sauran jati da aka bari a baya, bisa rahoton kwamitin Mandal, aka yi ta zanga-zanga. Jikan mai jima yanzu likita ne, kuma ƙuri'arsa na kayar da gwamnati.

Idan Dalit ya musulunta, ya tsira ke nan?

Nan kam sai mu bi a hankali. A wurin Allah babu shakka, fifiko da taƙawa ne. A wurin mutane da hukuma, amsar ta danganta da jihar da yake, da ƙauyensu, da abin da yake nema. B.R. Ambedkar, Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta tsarin mulki, shi kansa ya bar addinin Hindu a 1956 a Nagpur, ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. A 1981 Dalit da dama suka musulunta a ƙauyen Meenakshipuram na jihar Tamil Nadu. Hanyar dai tsohuwa ce, amma tana da tsada. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya keɓe gurbin Dalit ga mabiya Hindu kaɗai. An shigar da Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990, Musulmi da Kirista kuwa har yanzu suna waje. Ma'ana, ranar da ya yi kalmar shahada zai iya rasa kason da ɗansa zai shiga jami'a da shi. Wataƙila ya samu shiga kason 27 ɗin nan, in jatinsa na cikin jerin, wataƙila kuma bai samu ba. Wasu jihohi irin su Uttar Pradesh suna da dokokin da ke tsananta sauya addini. Sannan maƙwabta ba sa mantuwa, sun san gidan da ya fito. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin Musulmin Indiya ma akwai Ashraf masu taƙama da asali, akwai Ajlaf, akwai Arzal a can ƙasa. A sahun salla kafaɗa da kafaɗa, amma in aka zo neman aure sai a tono asali. Shi ya sa talakawan Musulmi suka kafa gwagwarmayarsu da sunan Pasmanda. To, zai iya samun mutuncin da bai taɓa samu ba, kuma da yawa sun ce sun samu. Sai dai ba zan ce maka matsalarsa ta ƙare ba.

Ai mu ma muna ƙin bai wa mahauci 'ya.

Ba ɗaya ba ne. Ba wanda ke wanke jiki don mahauci ya taɓa shi. Amma ƙin auren ma abin kunya ne, a daina.

Zan kai mahaifiyata asibiti a Delhi. In tambayi mutum jatinsa?

A'a. Ko likita, ko direba, ko mai shara, kada ka tambaya. Kai baƙo ne, ba wanda zai nemi taka. Ka gaida mai sharar ɗakin Hajiya yadda ka gaida likitanta, in ya miƙo maka ruwa ka karɓa ka sha.