Silindar Sairus

Silindar Sairus mulmulallen yumɓu ce mai siffar ƙaramar ganga, tsawonta kusan santimita 23, jikinta cike da rubutu cikin harshen Akkadiya. Mai binciken kayan tarihi Hormuzd Rassam ne ya tono ta a kufan birnin Babila, cikin Iraƙi ta yau, a shekarar 1879. Tana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Abin da ta ƙunsa

Sairus Babba, wanda ya kafa daular Farisa, ya ci Babila a shekarar 539 kafin Miladiyya. Jim kaɗan bayan haka aka rubuta silindar, aka binne ta a harsashin gini kamar yadda sarakunan ƙasar suka saba. Rubutun ya fara da kushe Nabonidus, sarkin da aka tumɓuke, cewa ya yi wa bautar Marduk, babban abin bautar Babila, riƙon sakainar kashi, ya kuma ɗora wa talakawa aikin tilas. Daga nan sai yabo: wai Marduk da kansa ya kama hannun Sairus ya shigar da shi birnin ba tare da yaƙi ba. Sairus ya ce ya mayar da gumakan da aka kwaso zuwa ɗakunansu, ya mayar da mutanen garuruwan gida.

Ana yawan danganta silindar da komawar Yahudawa gida daga Babila, amma ba a ambace su ba a ɓangaren rubutun da ya rage. Labarin izinin komawarsu Kudus daga Littafin Ezra na Baibul ya fito, kuma sai zamanin Dariyus na Ɗaya aka kammala sake gina Haikalinsu na Kudus, wajajen 516 kafin Miladiyya.

Sassaucin addini

Sarakunan Farisa sun yi sassauci ga addinan wasu al'ummu. Allunan lissafi na Fasifolis, birnin sarautarsu, sun nuna ana fitar da hatsi da giya daga rumbun sarki domin hadayar Humban, abin bautar Elamawa, ba Ahuramazda, abin bautar sarakunan Farisa, kaɗai ba. Amma sassaucin na masu biyayya ne. Da Girkawan Ayoniya, a yammacin Turkiyya ta yau, suka yi tawaye, an ƙone ɗakin bautarsu na Didima a 494 kafin Miladiyya. Sarki Zaksis, ɗan Dariyus, ma ya yi alfaharin rushe wani wurin bautar "daiwa", wato allolin da ya ɗauka na ƙarya.

Taƙaddama

A 1971 gwamnatin Shah Muhammad Reza Pahlavi, sarkin Iran na lokacin, ta kira silindar takardar haƙƙin ɗan Adam ta farko, ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kwafinta. Masana tarihi da yawa suna ganin farfagandar sabon sarki ce. Fassarar da ke yawo a intanet, mai cewa Sairus ya haramta bautar da bayi, ta jabu ce.