Ma'anar "Tax Free": ba rangwame ba ne, sharaɗi ne

Tun da darajar yen, kuɗin Japan, ta zube har dala ɗaya ta haura yen 160 a tsakiyar 2024, bidiyon masu yawon buɗe ido a kasuwannin Osaka da Tokiyo ya cika TikTok, kowa da jakunkuna niƙi-niƙi, kowa da kalma ɗaya a baki: "tax free". A shekarar kaɗai baƙi kusan miliyan 37 suka shiga Japan. Kalmar ta iso har wajenmu, kuma ta iso a karkace. Wani ya ce a Japan baƙo ba ya biyan haraji. Wani ya ce ai ita ce "duty free" ta filin jirgi. Wani kuma ya ce rangwamen kashi 10 ne gwamnati ke yi don karrama baƙi. Duk ba haka ba ne, amma na ukun nan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Biyun farko ba sa buƙatar dogon bayani. Baƙo a Osaka yana biyan haraji a kan ɗakin otal da abincin da ya ci a Dotonbori da tikitin jirgin ƙasa, sannan tun 2019 akwai harajin fita daga ƙasar da ake cusawa cikin kuɗin tikitin jirgin sama. Shi kuwa shagon "duty free" galibi yana can cikin filin jirgi ne bayan an buga maka hatimin fita, kuma abin da ake ɗage maka a can ya haɗa da kuɗin fito da harajin taba da na barasa. "Tax free" na cikin gari haraji ɗaya tak yake cirewa.

Wannan harajin shi ne na amfani da kaya, ɗan'uwan VAT ɗin da muka sani. Japan ta fara karɓarsa a 1989 da kashi 3, ya hau 5 a 1997, ya koma 8 a 2014, ya kai 10 a Oktoban 2019, aka bar kayan abinci a kan 8. To a sunansa ma'anar take. Haraji ne a kan abin da aka yi amfani da shi a cikin ƙasar. Idan ka sayi kyamara a Den Den Town, unguwar kayan lantarki ta Osaka, ka tafi da ita gida, a idon doka ka fitar da kaya waje ne, kamar yadda kamfani ke loda motoci a jirgin ruwa. Babu wata kyauta a nan. Ana ɗage maka harajin ne bisa alƙawarin cewa kayan zai bar Japan tare da kai.

Wanda bai yarda ba ya dubi leda. Tun Oktoban 2014, da aka shigar da kayan da ke ƙarewa cikin tsarin, wato man shafawa da magani da alawa da shayi, sai aka ɗora musu ƙa'ida: mai shago ya zuba su cikin leda ta musamman ya liƙe bakinta da tef mai nuna alama idan an ɓalle, kai kuma ba ka da ikon buɗewa sai ka fita daga ƙasar. Ka sayi maganin mura a Matsumoto Kiyoshi da ke layin Shinsaibashi, mura ta kama ka a daren nan, ga magani a gabanka cikin leda, naka ne, da kuɗinka ka saya, amma ka buɗe ka sha ka karya sharaɗi, harajin ya hau kanka. Abin dariya ne, amma hujjarsa a miƙe take: ƙwayar da ka haɗiye a Osaka a Osaka aka yi amfani da ita. Wane rangwame ne ake liƙe wa baki da tef? Wane mai karrama baƙo ne zai tare shi a filin jirgin Kansai ya ce buɗe jaka in gani?

Sauran ƙa'idojin ma daga nan suka tsiro. Sai baƙon da bai kai wata shida a ƙasar ba, sai da fasfo na ainihi, kwafi ba ya aiki, kuma sai cinikin ya kai yen 5,000 kafin haraji, a shago ɗaya, a rana ɗaya. Kayan cikin ledar an yi musu iyaka a yen 500,000. Da can takarda ake maƙala maka a fasfo, yanzu shago ke tura bayanin cinikinka ta kwamfuta, kwastam su gani. Tun Afrilun 2023 ɗaliban waje ma an cire su.

Ko lissafin "kashi 10" ɗin akwai gyara. Kayan da aka rubuta wa yen 11,000 za ka biya 10,000 ne. Dubu ɗaya cikin dubu goma sha ɗaya kashi 9 ne da ɗan ɗoriya. A kayan abinci bai kai 8 ba. Manyan kantunan da ke sa ka biya duka sannan ka je wani tebur a mayar maka kuwa, wasunsu sai sun yanki ladan aikinsu.

Ni a ganina tsarin da ya dogara da alƙawarin mai saye ya buɗe ƙofa da kansa, kuma an shige ta. Dabarar ba ta da wuya: dillali ya tara masu fasfon baƙi, su sayo wayoyi da agoguna da kayan kwalliya ba haraji, ya karɓe a bakin shago ya sallame su, ya sayar a cikin Japan. Kashi 10 ɗin nan shi ne ribar. A Disambar 2022 aka ba da labarin hukumar haraji ta ɗora wa reshen Apple na Japan bashin fiye da yen biliyan 10 saboda irin wannan cinikin iPhone na sari. Waɗanda kwastam suka kama ba kaya a hannu kuma, da yawansu sun hau jirgi ba su biya ko sisi ba, don ba a cika hana mutum tafiya kan wannan ba.

Shi ya sa aka tsayar da 1 ga Nuwamba, 2026 don juya tsarin: ka biya kuɗi cif har da haraji, ka nuna wa kwastam kayan ranar tafiya, cikin kwana 90 da saye, sannan a mayar maka. A sabon tsarin babu leda, babu iyakar yen 500,000. Wanda ya saba Dubai ya san wannan salon. Masu shaguna na fargabar layi a filin jirgi zai kashe wa mutane gwiwa, amma ni ban ga laifin sabon tsarin ba, tunda Birtaniya ma ta soke nata tsarin a 2021.

Masu shirin zuwa sari kuma su sani, tsarin bai ƙunshi kayan kasuwanci ba tun asali. Sannan yafiyar Japan a Japan take tsayawa. Jami'in kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Yamai bai san da ita ba, idan kayanka sun wuce na amfanin kai zai yanka maka nasa kuɗin fiton.