Fim ɗin Katun

Katun, ko fim ɗin zane mai motsi, nau'in fim ne da ake haɗawa daga hotuna tsayayyu, a jera su a nuna da sauri har ido ya ɗauka motsi suke yi. A silima hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu kan rage wa kansu wahala su zana 12, kowane ya fito sau biyu. Duk da haka minti ɗaya yakan ci zane 720.

Tarihi

Galibi ana ɗaukar Fantasmagorie, wanda Bafaranshe Émile Cohl ya fitar a 1908, a matsayin katun na farko da aka zana da hannu, kuma bai cika minti biyu ba. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta kammala dogon fim da ta ciro labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya. Baƙin kwali take yankawa da almakashi, ta shimfiɗa a kan gilashin da ake haskowa daga ƙasa, ta gusa hannu ko ƙafa kaɗan, a ɗauki hoto, ta sake gusawa. Fim ɗin nata shi ne dogon katun mafi tsufa da ya rage a duniya. A Amurka kuwa Mickey Mouse ya bayyana a 1928, Tom da Jerry a 1940. Toy Story na 1995 shi ne dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta.

Moustapha Alassane

Mafi kusa da Sakkwato a wannan tarihi shi ne Moustapha Alassane, ɗan Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Da kanikanci ya fara. Bafaranshe mai shirya finafinai Jean Rouch ya ja shi cikin harkar fim a Yamai, daga baya Alassane ya je Kanada ya ƙaro sani a wajen gwanin katun Norman McLaren. Kwaɗi ya fi so ya yi wasa da su. A Bon Voyage Sim na 1966, shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, ga fareti ga jawabai, kuma mai kallo a wancan zamani ya san da waɗanda ake. Fim ɗinsa Kokoa kuwa gasar kokawa ce tsakanin dabbobi, an yi ta da 'yan tsana. Ya daɗe zaune a Tahoua yana aikinsa, garin da Basakkwace ke kaiwa ta Illela da Birnin Ƙonni, amma ba kasafai ake jin sunansa a wannan ɓangaren iyaka ba, abin da bai kamata ba.

Yadda ake haɗawa

Ana rubuta labari, a zana shi fage-fage a takarda, sannan a ɗauki muryoyi. Murya ke riga zane, domin a kanta ake daidaita motsin baki. Akwai manhajoji na kyauta irin su Blender, sai dai aikin na son kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya.

A Najeriya

Shirin yara Bino and Fino na Adamu Waziri ya fara fita wajajen 2010. A Sakkwato yara na kallon katun ta tauraron ɗan'adam da kuma waya, inda masu tura finafinai a shaguna ke zuba musu waɗanda aka ɗora wa muryar Hausa.

Wasannin intanet

Irin fasahar katun ce ke motsa 'yan wasa a Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018, waɗanda matasa ke bugawa a waya.

Saɓani

Malamai sun saɓa kan zana abu mai rai. Wasu sun hana, wasu sun sassauta idan don koyar da yara ne.