Sinadarai masu tururin nukiliya a cikin kayan lantarki

Wasu kayan lantarki na masana'antu da manyan gine-gine suna ɗauke da ɗan sinadari mai fitar da tururin nukiliya, sau da yawa ba tare da mai su ya sani ba. Da gangan aka sa shi, domin tururin yana sauƙaƙa wa wutar lantarki ratsa iska ko gas.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara shi ne sandar kare tsawa da ake kafawa a kan rufin gini. Shekaru da dama kamfanonin Faransa suna maƙala wa kanta sinadarin radiyom-226, daga baya amerisiyom-241, da zaton hakan zai ƙara janyo tsawar. Ba a tabbatar da wannan amfani ba, kuma Faransa ta hana kafa irinta daga 1987. Radiyom-226 sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, amerisiyom-241 kuwa 432. Ginin zai rushe, sinadarin yana nan. Ana kuma samun amerisiyom a na'urar gano hayaƙi, kiriptom-85 a wasu fitilu, da toriyom a sandar walda ta tangistan mai jan baki.

Wani lokaci kuma haɗari ne ke kawo shi. A 2008 an gano kobalt-60 a maɓallan lif a Faransa, daga ƙarfen da aka narka a Indiya.

Muddin sinadarin yana rufe a cikin sandar can saman rufi, cutarwarsa kaɗan ce. Matsalar tana farawa ne ran da aka kwance shi. A Yamai, tsohon ƙarfe yakan ƙare a kasuwar Katako, inda ake bugunsa da guduma, a yanka, a narka, da hannu tsirara. Tururin ba shi da wari, ba shi da launi. Sai na'urar awo ke gane shi, kuma ƙurar da aka shaƙa ko aka haɗiye ita ce mafi muni. A 2003 CRIIRAD, wata ƙungiyar Faransa mai auna tururin nukiliya, ta sami gurɓatattun ƙarafa a kasuwar Arlit, garin haƙar yuraniyom a arewacin Nijar, a 2010 kuma kobalt-60 ya kashe mutum ɗaya a kasuwar ƙarafa ta Mayapuri a Delhi. Bai kamata talaka mai neman abincinsa ya zama shi ne na ƙarshe da zai ji labari ba.

Duk abin da ke da alamar fanka mai fiffike uku a kan rawaya, kada a fasa shi. A Nijar ARSN, hukumar sa ido kan tsaron nukiliya, ita ce ke kula da irin waɗannan kayan, ita ake sanarwa.