Me Ake Nufi da "Zambar Mayar da Kaya"?

Da zarar an gama sayayyar Kirsimeti, Janairu ta kama, sai maganar ta cika labaran kasuwanci: wai zambar mayar da kaya tana cinye shagunan Amurka. Ƙungiyar masu shaguna ta ƙasar, NRF, ta ce a 2023 an mayar da kaya na dala biliyan 743, kuma na biliyan 101 daga ciki zamba ne da wuce gona da iri. Abu biyu rahoton ya ambata, amma kafin ya iso bakin masu karanta labarai ya koma abu guda, kowa mazambaci. Wannan cakuɗawar ce ke damuna.

Zamba ta gaskiya ba ta buƙatar dogon bayani. Mutum ya saci kaya a kan kanta ya zagayo ya ce a ba shi kuɗinsa, ko ya buga rasit na jabu, ko ya sayi sabuwar waya ya mayar da kwalin da tsohuwa a ciki. Sata ce kawai.

Na biyun, wato wuce gona da iri, shi Turawa ke kira wadirobin, daga wadirob, wannan dai da ake jera wa amarya a ɗaki. Wato mutum ya mai da shago wadirob ɗinsa. Mace za ta sayi rigar biki ranar Juma'a, ta tura takardar farashin cikin wuya don kada a gani, ta sa ta je ta yi hotuna, ranar Litinin ta dawo da ita ta ce ba ta yi mata ba. Wani lokaci ƙamshin turare na nan a jikin rigar. Maza ma suna yi, a sayi ƙatuwar talabijin don wasan ƙarshe na ƙwallo, a mayar bayan an tashi. Abin ya ishi shagon Bloomingdale's har a 2013 ya fara maƙala wa riguna masu tsada wata baƙar roba a inda kowa zai gani, in ka cire ta ciniki ya faɗa. Mu mun san aron kayan biki, amma aro da sanin mai kaya ake yi, a mayar da godiya. Wannan aro ne da ƙarya a bakinsa, kuma ni ha'inci nake kiransa ko da doka ba ta kama mai yinsa ba.

To ina wanda ya yi odar takalmi ta intanet lamba uku saboda ba halin gwadawa, ya riƙe ɗaya ya mayar da biyu? Wanda ya saba da rasit ɗin kasuwanninmu mai cewa kaya in ya fita ba ya dawowa zai ga kamar alfarma aka yi masa ya zaƙe. Ba haka ba ne. Shagon ne da kansa ya yi alkawarin karɓa don ya jawo mai saye, alkawarin yana cikin cinikin.

Kwamfutar da ke bin sawun mutane kuwa ba ta san niyya ba, lissafi take yi. Akwai kamfani a Kalifoniya mai suna The Retail Equation da manyan shaguna ke ɗauka don wannan aiki. Idan ka kawo kaya, mai kanta zai karɓi lasisin tuƙinka ya goga a na'ura, ta duba sau nawa ka mayar da kaya, na nawa, da rasit ko babu, kwana nawa bayan saye. A 2018 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin masu sayayya a shagon kayan lantarki na Best Buy da aka hana su mayar da kaya ta wannan hanya, kuma a shekarar ta ruwaito Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, na rufe asusun wasu saboda yawan mayarwa. Ɓarawo, da mai rigar biki, da mai takalmi uku, duk ma'auni ɗaya ake ɗora su.

Wanda na'urar ta ƙi, ba ya samun dalili a bakin mai kanta, don shi ma bai sani ba. 'Yar takarda zai miƙa masa mai ɗauke da lambar wayar wancan kamfani, ya kira ya roƙi a aiko masa da tarihin kayan da ya mayar, sannan ya fara neman inda aka ga laifinsa.